Dutsen Ƙofar Gidan Safiyo

"Tukunya kika ɗora mini a kan dutse."

"A kan tebur na ɗora ta."

"A kan dutse, Maman 'yan biyu. Dutsen da maza suka sha wuya kafin su hau shi. Ɗaga ki gani."

Maman 'yan biyu ta sa tsumma ta ɗaga tukunyar, ta leƙa. Ba ta ga dutse ba. Abin da ta gani wata tsohuwar takarda ce mai faɗin tabarma, ta yi launin shayi, gara ta ci gefenta, an cika ta da siraran layuka ruwan ƙasa masu lanƙwasa kamar zanen da ke yatsan mutum. A tsakiyarta gindin tukunyar ya bar baƙin zobe, kewayayye tsaf.

"To ai hula na sa masa," ta ce. "Matsa in zuba abinci."

Mijin nata ya dafe ƙirji. Duk layin Safiyo ake kiransa, wato mai awon ƙasa, kuma shi ya raɗa wa kansa sunan ba tare da an yanka komai ba. Gaskiyar magana, a ƙuruciyarsa ya yi aiki a ofishin awon ƙasa, amma aikin nasa riƙe wa masu awo lema ne da wanke musu kofuna. Ranar da aka share ɗakin ajiyar ofishin za a ƙona tsofaffin taswirori, sai ya naɗe damin nan ya saɓo a kafaɗa ya kawo gida. Taswirorin wata ƙasa ce mai nisa, ta hamada da kwazazzabai da duwatsun da ake haƙar ma'adinai a cikinsu, an zana su tun kafin a haifi ubansa. Ƙafarsa ba ta taɓa taka wurin ba. Amma in ya fara ba da labarinsa, sai ka ji kamar ka miƙa masa ruwa don ƙurar da ya sha.

"Ke ba ki san darajar ilimi ba," ya ce yana goge zoben da gefen riga, zoben kuma na ƙara faɗi.

"Na san darajar keken ɗinkina. Duk damina ruwan layin nan ɗakina yake sauka kamar ya biya haya. Bara sai da na ɗora keke a kan bulo, yadin mutane na rataye a ƙusa. Kai kuma kana nan kana hawan dutse a kan tebur."

"Bana ba zai shigo ba."

"Haka ka ce bara."

"Bara ban yi niyya ba ne."

Ta ajiye ludayi, ta dube shi sama da ƙasa. "Baban 'yan biyu, ji nan da kyau. Bana in ruwa ya taɓa ƙafar kekena, takardun nan naka gaba ɗaya Mai Shago zan kai wa ya riƙa naɗe ƙusa da sabulu. Dama ya daɗe yana cewa takardar tana da kauri."

Safiyo ya san matarsa. In ta yi magana tana ɗaga murya, ana iya lallashi. In ta faɗe ta a hankali kamar tana karanta awon riga, to an yanka yadi. Ya rungume taswirarsa, abincin ma ya ƙi shiga.

Ana cikin haka aka kira taron layi a rumfar Mai Shago, a kan maganar ruwan. Ciyaman ne ya kira, wani dattijo mai tsohuwar mota wadda yake wankewa kowace safiya, ya fita da ita zuwa bakin titi ya dawo, don kada ta manta hanya. Mai Walda, wanda shagonsa ke tsakiyar layi, shi ya fara magana. Ya ce a haƙa lambatu miƙaƙƙe daga ƙarshen layi har babban kwalbatin bakin titi, a rufe shi da ƙarfe, shi kuma zai taimaka ya yi aikin ƙarfen.

"Zai taimaka," in ji Mai Shago yana kallon sama.

Safiyo ya yi wata dariya ta cikin hanci, ya miƙe, ya ture buhun omo gefe, ya warware taswirarsa a kan benci. Ya ɗora gwangwanin madara a kowace kusurwa.

"Miƙaƙƙe," ya ce. "Ranka ya daɗe, ka taɓa ganin kogi ya tafi sambal kamar soja a fareti? Ruwa ba ya son miƙaƙƙiyar hanya. Raini yake ɗaukarta. Ku dubi nan."

Mutane suka sunkuyo. Ya bi wata doguwar lanƙwasa da yatsa, inda layukan suka matse juna kamar an tsefe su da mataji.

"Wannan kwazazzabo ne a tsakiyar hamada. Ba mutum ne ya haƙa shi ba, ruwa ne ya zana abinsa da hannunsa. Ya nuna mana irin hanyar da yake so. Mu namu kawai mu kwafa. Za mu ɗauko kwazazzabon nan mu shimfiɗa shi a layin nan, lanƙwasa da lanƙwasa. Ruwa na gani zai gane gida."

"Ka je can ɗin ne?" in ji Mai Walda.

"Ka ji shi." Safiyo ya danna yatsa a gefen hagu na takardar. "A nan na kwana. A nan jakina ya zame, sai da na kamo shi ta wutsiya."

"Kai ne ka riƙe jakin ko shi ya riƙe ka?"

"Ka tsaya a wurin tartsatsinka, ɗan'uwa. Wannan maganar ƙasa ce."

Ciyaman ya tambaya me za a saya. Safiyo ya ce ba komai, diga da shebur kawai da biyayya. Nan take hannuwa suka tashi sama. Mai Walda ya ɗauki tabaransa baƙi ya saka, ko da yake ba walda yake yi ba.

A cikin duk shekarun da Safiyo ya yi yana riƙe lema, abu ɗaya ya shiga kunnensa ya zauna: lambobin da ake rubutawa a jikin layukan nan, babbar lamba tana nufin tudu. Gefe ɗaya na taswirar cike yake da manyan lambobi, nan ne duwatsu. Ɗaya gefen ƙanana, nan kwazazzabon ke buɗewa. Gidan Safiyo kuwa shi ne na ƙarshe a layi, a gangare, inda duk ruwan duniya ke taruwa. Da ya tsaya a ƙofarsa da taswira a hannu, sai dabara ta faɗo masa har sai da ya ji jiri. Ya juya takardar ya sa gefen duwatsun ya fuskanci gidansa, gefen ƙananan lambobin ya fuskanci kwalbati. Shi ke nan. Ya shiga gida da faɗin rai.

"Maman 'yan biyu, albishirinki. Daga yau kin koma kan dutse."

"Ka ga tef ɗina na awo?"

Bai gani ba, a cewarsa. Tef ɗin kuwa yana cikin aljihunsa tare da allin ɗinkinta.

Washegari layi ya tashi ya tarar da Safiyo a tsakiyar hanya da kayan aiki. Ya cire kan tsohuwar fanka mai tsayuwa, ya ɗaure guntun bututu a wuyanta da roba, wannan ita ce na'urar awo. Ya naɗe sandar mofa ta goge ɗaki da jan ƙyalle da fari, ya ba Mai Shago ya riƙe a nesa. Yana rufe ido ɗaya yana leƙa bututun, yana kaɗa hannu.

"Dama. Dama. Damarka, ba tawa ba. Tsaya. Ka yi gajarta, ɗaga duga-dugi."

"Me kake gani a ciki?" in ji Mai Shago.

"Lissafi."

Da ya sake leƙawa sai ya ga wani ƙaton ido ja yana kallonsa ta ɗaya bakin. Ya ja da baya har ya taka akwatin kayan aikinsa. Mai Walda ya ɗago daga bututun.

"Ni ma lissafin na zo gani. Akwai gizo-gizo a ciki, ko shi ne mataimakinka?"

Kafin la'asar allin ɗinki ya ƙare, an koma toka. Farin layi ya taso daga ƙofar Safiyo ya yi hagu, ya yi dama, ya zagaye turken wutar lantarki, ya dawo kamar ya manta wani abu, ya sake tafiya. Wata tsohuwa da ta fito sayen gishiri ta bi layin a zatonta sabuwar dokar tafiya ce, sai da ta zagaye turken kafin aka tare ta.

Ranar hutu mazan layi suka fito da diga. Aka fara daga bakin kwalbati. Wani ya tambayi zurfin da za a yi. Safiyo ya duba takarda.

"Lambar nan ƙarama ce. Ku ɗan karce kawai."

Suka karce, suna murna aikin ba wuya. Da aka matsa gaba lambobi suka ƙaru, ya ce a ƙara zurfi. A tsakiyar layi rami ya kai gwiwa. Ana dosar gidansa ya kai ƙugu. A ƙofar gidan kuwa, inda lamba mafi girma ta faɗo, sai da mai haƙa ya ɓace, ƙasa kawai ake gani tana tashi sama.

"Inda lamba ta yi girma, aiki ma girma yake yi," in ji Safiyo. "Ba ni na ce ba, lissafi ne."

Mai Walda ya tsaya a bakin ramin ya leƙa, ya dubi can bakin kwalbati inda aka yi ɗan karce kamar na kaza.

"Safiyo, ruwa fa rami yake bi."

"Ruwa ba ya hawa dutse."

"Ina dutsen?"

"Kana tsaye a kansa."

"Ni rami nake gani."

"Da ido kake kallo, shi ya sa. Ga shi a rubuce. Mutanen da suka zana wannan takarda sun hau raƙumi sun sauka, sun sha rana, wasu ba su dawo ba. Kai da ko ƙyauren da ka yi wa Ciyaman sai an sa kafaɗa yake rufuwa, kai za ka gyara musu?"

Aka yi dariya, don maganar ƙyauren gaskiya ce. Mai Walda ya koma shagonsa ya kunna inji da ƙarfi.

Wata lanƙwasa ta faɗo daidai ƙofar Mai Shago, ta raba shi da masu ciniki. Duk mai son ashana sai ya ja da baya ya yi tsalle. Matasa suka mayar da abin wasa, tsofaffi suka koma tsayawa a tsallake suna kiran abin da suke so, Mai Shago na jefowa. Ya jefa sabulu, aka cafe. Ya jefa burodi, aka cafe. Da wata mata ta ce ƙwai, sai suka tsaya suna kallon juna.

"Safiyo, ba za a ɗan miƙe nan wurin ba?" in ji Mai Shago.

"A miƙe? A wannan lanƙwasar ce fa jakina ya zame."

"Ba can hagu ka ce ba?"

"Jaki ne mai yawan zamewa."

Sai aka zo kan baƙin zoben. Safiyo ya yi niyyar tsallake shi a hankali, yana rufe shi da babban yatsa duk lokacin da ya buɗe takardar. Amma Mai Walda, wanda ya kasa zama a shago, ya ɗaga yatsan a gaban mutane.

"Wannan fa? Ko shi ba lissafi ba ne?"

Idanu suka taru a kansa. Mutum kamar Safiyo ba zai tsaya a gaban mazan layi ya ce gindin tukunyar matarsa ne ba.

"Tafki ne," ya ce. "Wurin hutawar ruwa. Ruwa ma yana gajiya. In bai samu inda zai zauna ya huta ba, shi ne yake shiga gidajen mutane."

Mai Walda ya sunkuya ya shinshina takardar. "Tafkin nan ƙamshin miya yake."

"Ƙasar can haka take."

Da aka auna, tafkin ya faɗo a ƙofar Ciyaman. Dattijon yana ciki yana barcin rana aka haƙa shi, kewayayye, mai faɗi, gwanin kyau. Da safe ya wanke motarsa, ya sa kafaɗa ya buɗe ƙyaure, ya tarar da tafki. Ya daɗe a tsaye da makulli a hannu.

"Safiyo, ta ina mota za ta fita?"

"Ranka ya daɗe, a ƙasar can ba a hawa mota."

Maman 'yan biyu ta zo wucewa da yadi a hammata, tana bin gefen katanga. Ta dubi ramin, ta dubi zoben da ke jikin takardar mijinta, ta gane aikin tukunyarta.

"Sannunku da aiki," ta ce. "Gobe da babbar tukunya zan yi girki, in kuna son teku."

Ba wanda ya gane sai Safiyo, wanda ya shiga tari.

Saura wuri ɗaya ba a haƙa ba, shi ne zai haɗa rabin lambatun da ɗaya rabin. A taswira, wurin yana ɗauke da wata 'yar alama, diga da guduma an gicciye su. A layi kuma ya faɗo a ƙofar shagon Mai Walda. Safiyo ya tsaya a kai, ya rage murya yadda kowa zai ji.

"Wannan alamar mahaƙa ce. Duk inda kuka gan ta, akwai abu a ƙasa."

"Wane irin abu?" in ji Mai Shago.

"Ba a faɗa a bainar jama'a."

Kafin rana ta faɗi magana ta zagaye layi ta dawo da ƙiba. Wasu suka ce azurfa, wasu suka ce abin ya fi azurfa. Mai Walda ya ce wannan shirme ne, taswirar wata ƙasa ba za ta san abin da ke ƙofarsa ba. Ya faɗa da ƙarfi, ya maimaita. Sannan ya fito da kujera ya dasa a daidai wurin, ya zauna. A nan ya ci abinci, a nan ya karɓi baƙi. Da wani kare ya zo shinshina wurin, sai da ya bi shi da guntun rodi.

"Ba ka ce shirme ba ne?" in ji Safiyo.

"Iska nake sha."

"Tashi a haƙa."

"Ƙofata ce. In za a haƙa, a gaban kowa za a haƙa, kuma kowa ya shaida a ƙofar wa aka haƙa."

Wannan ya yi wa Safiyo daɗi fiye da yadda Mai Walda ya zata. Aka tsayar da ranar buɗe lambatu, aka ce Safiyo ne zai yi saran ƙarshe da hannunsa.

Ranar, rana ta fito tas, ba ko gajimare. Aka jera kujerun roba a duk inda aka samu ƙasar da ba a haƙe ba. Mutanen layin baya ma suka zo, don labarin abin da ke ƙasa ya kai musu. Ciyaman ya fito ta kan katakon da aka gitta masa a kan tafki ya zauna a gaba, fuskarsa ba yabo ba fallasa. Maman 'yan biyu ta ce ita tana da ɗinkin da za a karɓa, ta zauna a gida, ana jiyo ƙarar kekenta daga nesa.

Safiyo ya fito sanye da kwalkwalin babur da ya aro, taswira a naɗe a hammata, tef a wuya. Aka ba shi lasifika. Ya gode wa Ciyaman, ya gode wa mazan layi, ya yafe wa waɗanda suka yi shakka, yana kallon Mai Walda. Ya ce wata rana za a zo daga nesa a ɗauki hoton layin nan. Ya ba da labarin yadda ya tsaya a bakin mahaƙar nan ta ainihi, iska na kaɗa rigarsa, a daidai inda jakinsa ya zame.

"Allah ya ji ƙan jakin nan," in ji wani daga baya. "Bai taɓa tsayawa da ƙafarsa ba."

Safiyo ya yi kamar bai ji ba. Ya miƙa wa Mai Shago lasifikar, ya tofa yawu a tafin hannu, ya ɗaga diga. Mai Walda ya janye kujerarsa kaɗan, amma bai saki ƙafarta ba.

Sara na fari ƙasa ce. Na biyu ma ƙasa. Ana cikin yi sai diga ta ce ƙwal.

Safiyo ya durƙusa ya share ƙasar da yatsu. Wani abu rawaya-rawaya ya leƙo, yana ɗan ƙyalli a rana. Shi kansa sai da gabansa ya faɗi, don a cikin zuciyarsa bai taɓa sa ran takardar za ta yi masa wannan karamcin ba. Mutane suka miƙe daga kujeru.

"A ƙofata yake," in ji Mai Walda da wata siririyar murya. "Kowa ya gani. Ciyaman, ka gani."

"Taswirata ce ta nuna shi."

"Taswirarka ta je can ta haƙa a ƙasarsu."

"Matsa, kada in sare maka ƙafa."

Safiyo ya ɗaga diga har bayan ƙeya, ya tattara duk shekarun riƙe lema ya sauke a kan abin. Aka ji wani sauti kamar an buɗe kwalbar lemo mai girman ɗaki. Ruwa ya yi tsiri sama, ya daki kwalkwalin ya juya shi gaba ya koma baya, ya wanke sahun gaba har da Ciyaman.

Safiyo ya gyara kwalkwali yana furzar da ruwa. "Kada kowa ya tsorata. Wani ma'adinin a narke yake fitowa."

"Mahaɗar bututun famfo ce," in ji Mai Shago, ya manta lasifika na bakinsa, har layin baya aka ji.

Mai Walda ya saki ƙafar kujera. "Ai dama a kan hanya yake," ya ce. "Ba ƙofata ba ce sosai."

Ruwan ya cika ramin, ya malala cikin lambatu. Ya ɗan nufi wajen kwalbati, ya shinshina karcen kazar nan, ya ga ba wurin zuwa ba ne. Sai ya juya.

"Ba nan ba," in ji Safiyo. "Can. Can za ka."

Ruwa ya kama hanyar gidan Safiyo cikin natsuwa. Maganar gaskiya, bai tsallake lanƙwasa ko ɗaya ba. Ya yi hagu inda aka ce hagu, ya yi dama inda aka ce dama, ya zagaye turken lantarki da ladabi. Taron gaba ɗaya ya bi shi a ƙafa ta gefe da gefe, kamar ana raka baƙo. Ya wuce ƙofar Mai Shago. Ya isa tafki ya shiga, ya yi 'yan juye-juye.

"Kun gani," in ji Safiyo. "Yana hutawa. Ban faɗa muku ba? In ya huta zai yi tunani ya koma."

Ruwa ya huta. Ya cika tafki, ya aika kaɗan ta ƙarƙashin ƙyauren da ba ya rufuwa ya gaishe da tayoyin motar Ciyaman, sannan ya ci gaba da tafiya, yanzu da sauri, don hanya sai ƙara zurfi take yi.

Safiyo ya ruga ya riga shi isa. Ya tsaya a dokin ƙofarsa, ya warware taswirar, ya juya ta ya nuna wa ruwan.

"Nan dutse ne. Duba lamba. Kai, duba mana."

Ruwa ya faɗa cikin babban ramin da ƙara. Ya yi ta hawa, mutane na kallo, har ya zo baki. Ya ɗan tsaya kamar mai neman izini. Sannan ya bi ta tsakanin ƙafafun Safiyo ya shige zaure.

A cikin gida ƙarar keke ta ci gaba na ɗan lokaci. Sai ta tsaya.

Can sai ga Maman 'yan biyu ta fito, bakin zaninta a jiƙe, takalminta ɗaya a ƙafa ɗaya yana binta a baya a kan ruwa. A kanta ta ɗauko damin taswirorin gaba ɗaya, an ɗaure da ƙyallen yadi. Ba ta ɗaga murya ba. Ta tsaya a gaban mijinta, ta zare tef ɗinta daga wuyansa, ta sa yatsu biyu ta karɓe takardar da ke hannunsa kamar mai cire zare a jikin riga.

"Maman 'yan biyu, wannan ita ce uwar. Ki bar mini ita."

"Ƙafa huɗu kekena yake da su. Duka sun sha."

Ta bi gefen katanga, ta tsaya a tsallaken lanƙwasar shago. Mai Shago ya yi tsalle ya koma bakin aikinsa, ya buɗe hannuwa, ta jefa masa damin har da uwar taswirar, ya cafe. Ya shafa takardar sama yana gyaɗa kai.

"Kauri," ya ce.

Ciyaman ya matso, rigarsa na ɗiga. Ya ce a ba shi ƙusa, zai haɗa katakai ya yi wa motarsa gada. Mai Shago ya ɗebo ƙusa, ya kama taswirar ta gefen manyan lambobi, ya yage dutsen sukutum, ya naɗe, ya murɗe baki, ya jefa. Safiyo ya rufe ido.

Ciyaman ya sa ƙunshin a aljihu. Ya juyo a hankali ya dubi layin: ruwa na tsiri a ƙofar Mai Walda, kujerun roba na yawo a tafki, famfunan gidaje sun ɗauke, mata sun fara leƙowa da bokitai. Sannan ya dubi mutumin da ke tsaye a ruwa har idon sawu, da kwalkwali a karkace.

"To, Safiyo. Muna jinka."

Safiyo ya cire kwalkwalin, ya zubar da ruwan da ke ciki, ya mayar a kai.

"Ranka ya daɗe, taswirar hamada ce fa. Wa ya ce a kawo mata ruwa?"